An ɗauke mana limamin da ya cika coci: mu rubuta wa bishop ko mu yi shiru?

"Baba, barka da hidima. Ni mamba ce a wani cocin Angilikan da ke bayan gari a nan Kano, ina kuma cikin shugabannin zumuntar mata. Shekara huɗu da suka wuce aka kawo mana wani Rabaran. Ya tarar da sujada ɗaya ce, da Turanci, kuma benci rabi babu kowa. Shi ya buɗe sujadar Hausa da ƙarfe bakwai na safe. Masu gadi da 'yan aikatau da iyayenmu da ba sa jin Turanci suka fara zuwa, har sai da aka kafa rumfa a waje. Yanzu an yi masa canji, an kawo mana ɗan Kudu wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Wata biyu ke nan, mutane sun fara zamewa, wasu sun koma ECWA. Wasu na cewa ƙabilanci ne, wasu na cewa mu tara sa hannu mu kai wa bishop a dawo mana da shi. Me ya sa ake ɗauke limami a daidai lokacin da aiki ke ci gaba? Kuma me ya kamata mu yi?"

Barka kadai, 'yata. Tambayarki biyu ce a dunƙule, kuma mutanen cocinku sun haɗe su wuri guda, abin da zai iya cutar ku. Ɗaya ita ce ko an yi muku adalci da aka ɗauke mutumin. Ɗayar ita ce ko sujadar Hausa za ta rayu bayansa. Ta farko ba zan yanke mata hukunci ba, don bakinku kaɗai na ji, kuma ko da na ji kowa, takardar canjin da bishop ya sa wa hannu da wuya a janye ta. Ta biyun tana hannunku fiye da yadda kuke zato. Na yi limanci a Arewa har na yi ritaya, an canza ni ina so, an canza ni ba na so, na kuma zauna a ɗakin da ake shawarar canza wasu.

Yadda aka yi Kano ta zama haka

Cocin Angilikan bai shigo Kano ta hannun mishan ba. A 1900 'yan mishan na Angilikan, Bishop Tugwell da Likita Miller da abokan tafiyarsu, sun iso birnin, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, su ma ba su ba mishan damar yin wa'azi a cikin biranen sarakunan Musulmi ba. Jirgin ƙasa ne ya kawo coci. Dogo ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari jim kaɗan bayan haka, akawu da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka zo daga Legas da Saliyo da ƙasar Yarabawa, daga baya Ibo suka kwararo. Kowa ya zo da littafin addu'arsa a harshensa, da waƙoƙinsa, da yadda ya saba gudanar da coci a gida. Turawa kuma suna da nasu, St George da ke Bompai. Angilikan na Hausa tushensu daban ne: Zariya, inda Miller ya zauna tun 1905, sannan Wusasa, kuma sai a 1932 aka samu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A kan waɗannan aka ƙara mutanen Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa da Kudancin Borno, waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ne amma da ita suke addu'a, da kuma Maguzawan da suka karɓi bishara a ƙauyukan Rogo da Sumaila da Tudun Wada.

Ke nan dayosis ɗinmu, wato yankin da bishop ke kula da coci-cocinsa, ba ikilisiya ɗaya ce da ta tsage kashi-kashi ba. Ikilisiyoyi ne daban-daban da aka tara ƙarƙashin sandar bishop ɗaya. An kafa Dayosis ta Arewa a 1954, mazauninta Kaduna. A ranar 24 ga Fabrairu 1979 Cocin Nijeriya ya zama mai cin gashin kansa, sannan a 1980 aka raba ta Arewa gida uku: Kaduna, Kano, Jos. A watan Satumban 1990, zamanin Akbishop Adetiloye, aka buɗe sababbin dayosis takwas na bishara cikin wata guda, har da Katsina da Sakkwato da Bauchi da Maiduguri. Dutse ta samu tata a 1996, daga baya Bari da ke Jihar Kano ma ta samu tata.

Wannan tarihin ya shafe ku kai tsaye. Duk lokacin da aka haifi sabuwar dayosis a Arewa, limaman da take tafiya da su yawanci masu wa'azi da Hausa ne, don su ne za su iya aikin karkara. Limamin da zai tsaya gaban 'yan kasuwar Sabon Gari ya yi Turanci mai kyau da ƙarfe tara, ya kuma zauna a tabarma da tsohuwa ya yi mata Hausa da yamma, ba shi da yawa. Wanda ba shi da yawa kuwa shi aka fi ɗauka. Sau da dama nasarar mutum ita ce dalilin canjinsa. Bishop ya ga abin da ya yi a wurinku, yana kuma da wani wurin da ya fi naku rauni.

Wa ke da limami?

A tsarin Angilikan limami ba ma'aikacin cocin da yake ciki ba ne. Ranar da aka naɗa shi ya yi rantsuwar biyayya ga bishop a kan duk abin da yake daidai da doka, kuma da lasisin bishop yake tsayawa a bagade. 'Yan'uwanmu na Baftis ikilisiya ce ke kiran fastonta, ita ke sallamarsa. Mu ba haka muke ba, kuma rabin rigimar da na gani a rayuwata daga nan take tasowa: mutane suna ciyar da limami, suna gyara masa gida, sai su ɗauka nasu ne.

Canji kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Wani dattijo ya yi ritaya ko ya rasu, dole a cike gurbinsa. Wanda aka ɗauko ya bar gurbi, a ɗauko wani. Wani ya samu gurbin ƙarin karatu a Wusasa ko a Bukuru. Wani an ɗaga shi ya zama babban limami, kanon ko acdikin (mai kula da rukunin coci-coci a ƙarƙashin bishop), ba zai zauna a ƙaramin coci ba. Wani ya yi rigima da kwamitinsa har ba sa gaisawa, dole a raba su, kuma dole a nemo mai sanyin hali a kai can. Kujera ɗaya in ta motsa, sai huɗu ko biyar su bi ta, kuma cocin da ke ƙarshen layi bai san inda abin ya faro ba. Akwai kuma dalilan da bishop ba zai taɓa faɗa muku ba, kuma bai kamata ya faɗa ba: rashin lafiyar matar limami, makarantar 'ya'yansa, barazanar da aka yi masa a unguwa, ko ma shi da kansa ne ya nemi a ɗauke shi, ya zo ya yi kuka tare da ku ranar ban kwana.

Amma ba zan ce miki kowane canji hikima ne ba. A ganina shekara huɗu ta yi kaɗan ga aikin da aka fara daga tushe, musamman tsakanin mutanen da ba su taso a cikin tsarinmu ba. Shekarar farko baƙunta ce, ta biyu ake fara yarda da mutum, ta uku ake fara gaya masa gaskiyar abin da ke cikin gidaje. Na sha faɗar haka a taron limamai, wasu suka amsa da cewa in mutum ya daɗe sai ya zama sarki, ya kafa 'yan fadarsa, wanda zai gaje shi ya kasa numfashi. Su ma suna da gaskiyarsu. Babu wata doka guda da ta ƙayyade shekaru a duk faɗin ƙasa, kowace dayosis da al'adarta da kundin tsarinta.

Ke da kike zumuntar mata, na san rashinku biyu ne. A cocinmu matar limami ita ke jan ragamar aikin mata, don haka ranar da mota ta kwashe kayan Rabaran, ta kwashe da Mama. Wannan ɓangaren ba a cika lissafa shi a ɗakin shawara ba, alhali sau da yawa shi ya fi yi wa coci ciwo.

Cikar coci iri-iri ce

Kin ce coci ya cika har an kafa rumfa. Allah ya ƙara. Amma a Kano sai an tambaya: da su wa ya cika? Akwai cikar da ƙaura ke kawowa, kamar iyalan da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, ko ma'aikatan da aka yi wa canji zuwa bariki ko asibiti. Akwai cikar da ke zuwa daga wasu coci-coci, mutum ɗan ECWA ne ko COCIN ko EYN, cocinsa ya yi masa nisa, kuɗin Keke ya yi yawa, ya ji ana waƙar Hausa kusa da gida ya shigo. Akwai ta haihuwa. Sannan akwai ta waɗanda ba sa zuwa ko'ina da, suka ba da gaskiya aka yi musu baftisma. Dukansu alheri ne, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Hanyar ganewa tana cikin rajistar coci, ba a ƙidayar kawuna ranar bikin godiyar kaka ba. Ki roƙi wadin, wato mamban da ke kula da harkokin coci tare da limami, ya duba muku: cikin shekara huɗun nan manya nawa aka yi wa baftisma, nawa bishop ya ɗora wa hannu a tabbatarwa, nawa ke zuwa Jibin Ubangiji a kai a kai, kuma daga cikin 'yan sujadar bakwai nawa ne ke karanta nassi, ko koyar da yara, ko riƙe wani aiki. In waɗanda suka koma ECWA can suka fito tun farko, to gida suka koma, ba ɓata suka yi ba, kuma kada ku ɓata zumunci da su. Waɗanda ya kamata su hana ki barci su ne sababbin tuba da suka daina zuwa ko'ina. Su za a bi gida-gida a wannan makon, ba sai an jira sabon limami ya koyi hanya ba.

Akwai dalilin da ya sa nake ɗaukar sujadar Hausa da muhimmanci fiye da yadda wasu manyanmu ke ɗaukarta. Duk wanda ya daɗe a Kano ya ga coci ya cika ya kuma gan shi ya zama kango cikin mako guda. An gani a 1966. An gani a Oktoban 1991 lokacin rikicin zuwan mai wa'azi Bajamushe Reinhard Bonnke, an gani a Mayun 2004, an gani bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012. Kowane karo motoci kan cika a tashar New Road, 'yan kasuwa su tura mata da yara gida, wasu su dawo, wasu ba su dawo ba har yau. Ba laifinsu ba ne, mai wurin gudu ai zai gudu. Amma wanda ke zama a benci a irin wannan Lahadin shi ne wanda nan ne gidansu, ko wanda gidansu ya fi nan haɗari. Yawancin waɗannan da Hausa suke addu'a. Ƙari a kan haka, yaran da aka haifa a Sabon Gari da Brigade da Badawa, ko iyayensu Ibo ne ko Yarabawa, da yawansu Hausarsu ta fi harshen kakanninsu ƙwari. Dayosis ɗin da ta ɗauki sujadar Hausa a matsayin taimakon talakawa da ake yi kafin manya su iso, ba ta karanta garin da take zaune ba.

Zancen ƙabilanci

Akwai shi, ba zan rufe miki ba. Yana fitowa ne a inda kuɗi da yawan jama'a ba su zo daga wuri ɗaya ba. Waɗanda ke ba da baiko mai nauyi, suke sa coci ya iya biyan kasonsa ga dayosis, sau da yawa 'yan kasuwa ne daga Kudu. Waɗanda ke cika benci sau da yawa masu ƙaramin ƙarfi ne daga Arewa. Samun fili da izinin gina sabon coci a wajen Sabon Gari kuwa tsohon kuka ne a Kano, don haka jama'a biyu ko uku kan raba gini ɗaya. Rigimar ba ta zuwa da sunan ƙabila. Tana zuwa da sunan wa zai samu ƙarfe tara, wace ƙungiyar mawaƙa za a saya wa kayan kiɗa, wa zai ƙirga baiko, da wane harshe za a yi sanarwa ranar da aka haɗa sujada.

Sai dai kawo muku ɗan Kudu ba hujja ba ce. Shugaban Cocin Nijeriya tun 2020, Henry Ndukuba, mutumin Jihar Imo ne, ya yi hidima a nan Kano, ya zama bishop na farko a Gombe a 1999, kuma Hausa a bakinsa take. Na kuma ga ɗan Arewa, Hausa kamar ruwa, wanda ya kashe sujadar Hausa da hannunsa don yana ganin Turanci ne wayewa. Abin dubawa shi ne aiki: an taɓa lokacin sujadarku? An rage mata Jibin Ubangiji? Akwai mutanenku a kwamitin coci? Ana tura samarinku karatun limanci?

In ana so a yi magana da nassi, Ayyukan Manzanni sura 6 ya ishe mu. Masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce musu ku yi shiru ku yi addu'a ba, ba su kuma ce ƙarya kuke yi ba. Sun ce a zaɓo mutum bakwai a ba su aikin, kuma duk bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Kuka ya zama tsari. A cikin Ka'idodin Bangaskiya 39 na Angilikan ma, ta 24 ta ce yin addu'ar jama'a ko ba da sakramenti da harshen da mutane ba sa fahimta ya saɓa wa Maganar Allah. Wannan ba alfarma kuke roƙo ba, koyarwar cocinku ce.

Takardar sa hannu

Kada ku rubuta a dawo muku da shi. Na ga irin wannan takarda ta iso ofis, kuma abin da take haifarwa kusan kullum iri ɗaya ne. Wanda ta fara cuta shi ne limamin da kuke ƙauna, don za a yi zargin shi ya zuga ku, zargin kuma zai bi shi shekaru. Na biyu sabon limami, wanda zai samu labari kafin tawada ta bushe, ya san sunan duk wanda ya sa hannu, ya jingina da ɓangaren da bai sa ba. Daga nan kun raba coci da kanku. Bishop kuwa in ya janye sau ɗaya, ya san kowane canji na gaba da takarda za a tarbe shi.

Ku nemi abin da za a iya ba ku. Sujadar Hausa ta tsaya ne a kan mutum ɗaya, yanzu sai a mayar da ita kan doka da kan mutane da yawa. Wadin na jama'a, wanda ku kuka zaɓa, shi zai kai magana kwamitin coci a rubuta a littafin taro cewa sujadar bakwai ta zauna, da lokacinta, da ranakun Jibinta, da kasonta a kasafin shekara. Abin da aka rubuta ba ya bin motar kaya. Sannan kwamiti, tare da sabon limami ba a bayan idonsa ba, ya roƙi acdikin a turo katikis, wato malamin coci da ba a naɗa limami ba, ko mataimakin limami mai Hausa. Roƙon zai fi nauyi in kun ce ga ɗaki, ga kuma abin da za mu riƙa ƙarawa a alawus ɗinsa, don abin da ke hana dayosis tura ma'aikaci sau da yawa ba ƙiyayya ba ce, albashi ne.

A nan sai na ɗan ja kunnenku. 'Yan sujadar safe kan watse da an sa albarka, kowa na sauri ya koma bakin aiki, taron shekara da ake zaɓen wadin da 'yan kwamiti da wakilan sinod, babban taron dayosis, kuwa bayan sujadar Turanci ake yin sa. Sai a wayi gari mutanen da suka fi yawa ba su da ko kujera ɗaya, su ce an ware su. Ku nemi a sa taron a lokacin da za ku iya zuwa, a kuma yi fassara, ku zo ku tsayar da naku.

Shi kuma sabon Rabaran, wata biyu bai isa a auna shi ba. Alherin tsarinmu shi ne sujada a rubuce take. Hausa kuma yadda aka rubuta ta haka ake karanta ta, in ban da karin sauti da 'yan haruffa masu ƙugiya. Limamin da ke so, in aka ba shi wanda zai zauna da shi sau biyu a mako, cikin 'yan watanni zai iya jan addu'ar Jibin Ubangiji daga farko har ƙarshe. Za a yi dariya a ɓoye, ba komai, tsofaffi sun fi kowa yafe wa mai ƙoƙari. Wa'azi kuwa a yi da tafinta, ko katikis ya yi. Abin da ba zai iya shi kaɗai ba shi ne shiga gidaje. Baƙo ko da ido makaho ne, sai ku zumuntar mata ku ja shi, shi da Mama: ga gidan da aka yi rasuwa, ga inda za a yi suna, ga mai jinya a asibiti, ga abin da ake faɗa in an shiga, ga abin da ba a faɗa. Yadda ya karɓi wannan tayin shi zai nuna muku ko wane ne shi, fiye da garin da ya fito.

Ku kuma saki tsohon. A gaishe shi, a kai masa ziyara, amma a daina kiransa a waya ya yanke hukuncin abin da ya faru a kwamiti, a daina gayyato shi ɗaurin aure da jana'iza ba da sanin mai wurin ba, a daina aika masa da zakkar da ta kamata ta shiga asusun coci. Limamin kirki da kansa zai hana ku.

In kuwa aka rufe sujadar Hausa, ko aka haɗe ta da ta Turanci aka bar muku waƙa ɗaya da karatu ɗaya, to lokacin takarda ya yi. Gajeriya, da ladabi, a kan aikin ba a kan mutum ba, ɗauke da alƙaluman rajista, ta bi ta hannun acdikin, a kuma ba limami kwafinsa. Kafin nan ku nemi kundin tsarin dayosis a wurin sakataren kwamiti, don shi ke faɗin matakan da ake bi, kuma ya fi maganata ƙarfi a gaban bishop.

Saura abu ɗaya da ya shafe ki ke kanki. Ƙarancin ma'aikata masu Hausa ba zai ƙare da roƙo ba sai da tura mutane. Zumuntar mata da ke iya ɗinka anko duk shekara tana iya ɗaukar kuɗin makarantar saurayi ɗaya a Kwalejin St Francis da ke Wusasa, in limami da bishop sun amince da kiransa. Cocin Nijeriya ba ya naɗa mata firistoci, amma bishop na ba mata lasisin jan sujadar safe da yin wa'azi bayan sun yi horo, kuma wadda ta iya tsara tambaya irin wannan za ta iya tsayawa a gaban mutanen ƙarfe bakwai. Ki tambayi sabon Rabaran yaushe za a buɗe aji na gaba na horon masu neman wannan lasisin, ki ce ya sa sunanki da na wasu biyu daga sujadar Hausa.